Kurakuran Da Aka Fi Yi Wajen Aiki Da Injin Juya Jini

Injin juya jini, wanda ma'aikatan lab ke kira santirifuj, mai raba ƙwayoyin jini da ruwansa, ɗan ƙaramin abu ne da ake ɗorawa a kan tebur, amma kwalaben da ke cikinsa kan zagaya sau 3,000 ko fiye a minti guda. A ƙananan ɗakunan gwaji irin na Birnin Kebbi, Argungu da Jega, inda sau da yawa mutum ɗaya ne ke ɗibar jini, ya auna, ya kuma rubuta sakamako alhali majinyata na jira a bakin ƙofa, gaggawa ce uwar yawancin kurakuran da ake yi da shi.

Mafi muni shi ne rashin daidaita nauyi. Dole ne kowace kwalba ta sami abokiya a gurbin da ke fuskantarta, mai irin girmanta da nauyinta, kuma idan samfurin guda ɗaya ne, sai a zuba ruwa a wata kwalbar ta tsaya mata. Mutane da yawa da ido suke aunawa, su ga ruwan ya zo daidai su ce shi ke nan, alhali kwalbar gilas ta fi ta roba nauyi, jini kuma ya ɗara ruwa. Sikeli ne ke raba gardama. Lissafin ma a fili yake: idan injin na juyi da ƙarfin da ya ninka nauyin abu sau 1,500, bambancin giram ɗaya tak zai riƙa fizgar sandar tsakiya kamar kilo ɗaya da rabi. A inji mai gurbi shida ana iya jera kwalba biyu, huɗu ko shida, har ma uku idan an tsallake gurbi ɗaya tsakanin kowace biyu, amma biyar ba ta taɓa daidaita sai an ƙara ta ruwa. Na taɓa ganin wani ɗalibi ya jera biyar ya kunna, injin ya kama gurnani yana ja da kansa zuwa bakin tebur, shi kuwa sai ya danne murfin da hannu biyu wai don ya lafa. Abin ya tayar mini da hankali ƙwarai, domin da sandar ta karye, fuskarsa ce mafi kusa. Duk lokacin da aka ji ƙara ko jijjigar da ba a saba ji ba, a kashe, a ja da baya.

Daga nan sai buɗe murfi kafin juyin ya tsaya, musamman a tsofaffin injina marasa makulli, har wani ya sa yatsa ko biro ya tare. Ban da haɗarin rauni, hakan na sake gauraya ƙwayoyin jinin da suka kwanta, aikin ya koma baya. Haka nan idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, injin bai tsaya ba tukuna. A jira ya yi shiru, sannan a sake ƙirga lokaci daga farko bayan an tayar da janareta.

Idan kwalba ta fashe a ciki, kuskuren shi ne a yi maza a leƙa. Jinin ya riga ya zama feshin da ido ba ya gani, kuma ba a san abin da ke cikinsa ba, ko ciwon hanta ne ko zazzaɓin Lassa. A bar murfin a rufe na minti 30, sannan a sa safar hannu mai kauri da takunkumi, a tsince gilasan da hantsaki. Kada a jiƙa sassan ƙarfe da Hypo ko Jik, domin suna cinye ƙarfe. A nemi maganin kashe ƙwayoyin cuta wanda ba ya jawo tsatsa. A kuma duba ɗan robar da ke ƙasan kowane gurbi, saboda ɓatansa ko ɓurɓushin gilas a kansa shi ke sa kwalba ta gaba ma ta fashe.

Akwai kuma kurakuran da ke ɓata sakamako ba tare da an lura ba. Jinin da ake son tace ruwansa, in ba a sa masa maganin hana daskarewa ba, yana buƙatar kimanin minti 30 ya daskare kafin a juya shi. A gwajin PCV kuwa, wato na auna yawan jajayen ƙwayoyin jini, bakin siririyar kwalbar da aka toshe shi ne zai fuskanci waje, ya jingina da robar gefe. In aka juya ta baibai, jinin zai watse a cikin injin, a koma a sake huda yatsan yaron da tun farko da kyar aka riƙe shi.