Kurakuran da ake yi kan abinci a littattafan ƙananan yara

Yaro ɗan shekara 3 zuwa 5 bai iya karatu ba tukuna. Hoto yake kallo, kuma abin da jarumin labari ya kai baki shi ne ke zama a ransa.

Wani kuskure da ake yawan yi shi ne mayar da kayan zaƙi lada. Amina ta cinye tuwo da miyar kuka, sai Inna ta ce, "Yauwa 'yar albarka, ungo alawa." Marubuci yana ganin ya koyar da ladabi, alhali yaro ya fahimci cewa miya wahala ce, alawa ce abin nema. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci a rana. A canza ladan: Kaka ta yi mata tatsuniya, ko Baba ya tafi da ita kasuwa.

Sai cika shafi da tuffa da inabi, kamar a gidan babu abin kirki. Uwar da ke karantawa a Gaya ko Maraɗi za ta ɗauka cin lafiyayye sai mai kuɗi. A zana ɗanwake, kwaɗon zogale, kunun gyaɗa, faten kabewa. Gwanda da mangwaro da manja duk suna ba da bitamin A, mai taimakon ido. A sa ƙwai ma a kwanon yaro, domin har yanzu akwai gidajen da ake cewa mai cin ƙwai zai tashi da sata. Ba sai an yi wa tsohuwa ba'a ba. Ita Kakar ce ma za ta ɓare masa.

Dogon bayanin sinadarai ɓata takarda ne. Zomo ya gatsa karas, ƙuliya ta ce, "Ɗan sam mini mana!" Ya wadatar. Barazana da Dodo ga wanda ya ƙi ci kuma, tsoro kawai take haɗawa da abinci.

Mai zane ma a sa masa ido. Kada a nuna ana lasa wa jariri zuma, don ba a ba shi kafin ya cika shekara 1. Kada a nuna ƙaramin yaro yana watsa gyaɗa a baki yana gudu, tana iya shaƙe shi. Buta da sabulu kuma su fito a shafin da ya zo kafin na cin abinci.