Darasi na 7: Raha a Wurin Aiki

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere, inda layin dogon da ya taso daga Yawunde ya tuƙe tun 1974, ya ga yadda 'yan dako suke sauke buhuna daga taragu suna lodawa a manyan motocin da za su nufi Garwa, Marwa da Njamena. Aiki ne mai cin ƙugu, amma da wuya rana ta faɗi ba a kece da dariya ba, domin da Bafulatani ya ga Babarbare ya ajiye buhu yana haki, sai ya ce masa tuwon jiya ne ya ƙare, shi kuwa ya rama nan take.

Wannan ba shiririta ba ce. Idan mutum ya yi dariya numfashinsa yana buɗewa, jijiyoyin da suka ɗaure suna saki, ƙwaƙwalwa kuma tana fitar da sinadarin da ke rage jin ciwo, shi ya sa gajiyar watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Garwa, ta fi sauƙi ga masu hira a kan wanda ya ɗaure fuska. Akwai kuma maganar da ba ta faɗuwa sai cikin wasa. Tela mai yara a shago yana iya ɗaga rigar da aka karkata wa wuya ya ce, "Ɗanjuma, wannan ta raƙumi ce?" Yaron zai warware ɗinkin yana murmushi, alhali da tsawa aka yi masa, da ya yini yana ƙunci.

Sai dai raha tana da sharaɗi, kuma kakanninmu sun san shi tun daga wasan taubasai: wanda aka tsokana dole ya kasance yana da bakin ramawa. Maigidan da ke zolayar yaronsa da talauci, ko nakasa, ko karin harshensa a gaban masu ciniki, ya san yaron ba zai amsa ba saboda tsoron rasa abinci, kuma aya ta 11 ta Suratul Hujurati ta hana irin wannan izgili. A ganina, babba ne ya fi cancanta ya riƙa mayar da barkwancin kan kansa.

Aikin gida: ka rubuta jimla uku a kan wasan da ake yi a wurin sana'arka, ka faɗi wanda yake farawa da wanda yake ramawa.