Babi na 6: Tsara sana'ar da za ka yi nan gaba

Kowa ya ɗauko littafinsa na rubutu da fensir. Fensir nace ba biro ba, don za mu yi goge-goge da yawa a babin nan kuma ba abin kunya bane. Buɗe sabon shafi wanda ba komai a jikinsa. In littafinka ya cika nemi sabo, kar ka yi aikin nan a 'yar takardar da za ta ɓace a aljihu, saboda wata da watanni za ka riƙa dawowa kansa.

Darasi na 1: Sana'a ɗaya

A can sama rubuta sunanka. Waɗanda suka saba da allo ku tuna, boko daga hagu ake farawa a tafi dama. A ƙasan sunan rubuta: Sana'ar da nake so. Sai ka sa guda ɗaya, ɗinki ko kafinta ko walda ko gyaran waya ko wayarin ko kiwon kaji ko saƙa ko kitso da lalle, duk wadda ranka ya kwanta da ita. Na san wani zai ce malam ni ɗinki nake so amma fa naga masu POS suna samu, kuma kiwo ma ba laifi. Toh duk naji, amma ɗaya za ka rubuta, sauran su jira.

Kafin ka tsayar da magana jeka ka wuni wajen masu yin ta. In kana Kaduna shiga Panteka, in kana Kano gyaran waya kake so leƙa Farm Centre, in a ƙauye kake ai ranar kasuwa kowa na fitowa da kayan aikinsa. Zauna ka kalla da kyau. Kalli mai walda yadda yake kare fuska, ka tambaye shi yadda idonsa yake kwana ranar da haske ya shige shi. Kalli tela ana saura sati ɗaya sallah, ƙafa a kan keke tun safe, kaya jibge a bayansa, masu kaya a bakin ƙofa ana ta cacar baki. In ka ga wannan kuma har yanzu kana so, to rubuta. 'Yan uwa mata masu aure, a yi shawara da maigida tun yanzu, kar sai an biya kuɗin koyo sannan maganar fita ta taso.

Darasi na 2: Rana

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mafi yawanku kuke tuntuɓe, don haka a hankali za mu bi.

Ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa. Shafin ya rabu gida uku kenan. Gidan hagu rubuta: Abin da zan yi. Na tsakiya: Wurin wa. Na dama: Rana.

A gidan hagu sa ƙaramin abu wanda ƙafarka za ta iya kai ka, misali: Zan je in tambayi kuɗin koyo. A tsakiya sa sunan mai shagon. A gidan dama sa rana, da lamba.

Ga yadda ake rubuta ta. Rana tukuna, sai ka ja 'yar sanda a karkace, sai wata, sai wata sandar, sai shekara. Misali 14/3/2027. Lamba 14 ita ce rana, 3 shi ne wata na uku wato Maris, 2027 shekara. Sake karantawa da bakinka: rana, wata, shekara. Ƙara faɗa. Rana, wata, shekara. Madalla, ka ga ba wuya.

Watannin ga su da lambarsu: Janairu 1, Fabrairu 2, Maris 3, Afrilu 4, Mayu 5, Yuni 6, Yuli 7, Agusta 8, Satumba 9, Oktoba 10, Nuwamba 11, Disamba 12. Wata bai wuce 12, don haka in ka ga ka rubuta 25 a tsakiya to ka juya su ne, goge ka gyara, ba komai kowa na yi. Yuni da Yuli suna rikita mutane, Yuni ne 6 shi ne a gaba. Afrilu, Yuni, Satumba da Nuwamba kwana 30 ne, kar ka sa 31. Fabrairu 28, wani lokaci 29.

Yanzu abin da bana son gani a gidan dama. "Bayan sallah." "In an yi girbi." "Kwanan nan." "In na samu kuɗi." Waɗannan duk ba rana bace. Bayan sallah wace, ƙarama ko babba, ta bana ko ta baɗi? Ita kanta sallar ai kowace shekara tana matsowa baya da wajen kwana 11 a kalandar bature, saboda shekarar Musulunci ta fi gajarta. In da watan Musulunci kake lissafi babu laifi ko kaɗan, duba kalandar da ke ɗauke da duka biyun ko ka duba waya, sai ka rubuta ta bature a gefe don da ita ofisoshi suke aiki. Rubuta in sha Allah, ya kamata ma ka rubuta, amma a gabanta lamba ta biyo.

Mu sake. Abin da zan yi, wurin wa, rana. Rana, wata, shekara.

Haba jama'a, dan Allah. Sai mutum ya cika gidan hagu fal da rubutu mai kyau, zan koyi ɗinki, zan sayi keke, zan buɗe shago, ka duba gidan dama wayam. Ka tambaya ace malam ai a kaina take. Ba a kanka nake so ba, a takarda nake so, don wanda ya bar ta a kai shi ne za ka tarar shekara ta zagayo yana nan a majalisa yana cewa yana nan yana shiri, yaron da suka fara maganar tare kuwa har ya iya yanka riga. Ban faɗa don in ci fuskar kowa ba, abin ne yake min ciwo, ga basira Allah ya ba ku. Duk layin da ba rana a gabansa ba zan duba shi ba. Koma ka cike. Rana, wata, shekara.

Ranar da kayi abin, sa alamar maki a gefensa. In rana ta wuce baka yi ba kar ka yaga shafin, goge ka sa sabuwar rana, shi yasa nace fensir.

Darasi na 3: Kuɗi

Je kasuwa da kanka ka tambayi kuɗin kayan aikin a shago uku, ka rubuta kowanne da ranar da ka tambaya don farashi baya tsayawa. Sannan lissafa abin da za ka iya ajiyewa. In naira 500 ce kullum, kwana 6 a sati 3,000 kenan, sati 4 kuma 12,000. A ce kayan 120,000 ne, misali kawai na bayar, to wata 10 za ka yi kana tari. Ƙirga wata 10 daga yau ka rubuta ranar a gidan dama, da lamba. Ko adashi ko asusu ko banki, wanda ka fi yarda da shi, amma kuɗin su bar aljihunka.

Darasi na 4: Takardu

Ka mallaki NIN, lamba 11 ce, kwafe ta a bangon littafin ka ƙirga ka tabbatar ta cika. Sunanka ya zama iri ɗaya a duk takardunka, kar nan Muhammad can Mohammed. Hukumar NDE, wato hukumar samar da ayyukan yi ta ƙasa, tana da ofis a kowace jiha kuma tana haɗa masu koyo da masu sana'a, je ka tambaya. In ka iya aiki akwai Trade Test, wato gwajin ƙwarewar sana'a, na ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, ana farawa daga mataki na 3, sai 2, sai 1. Masu son ci gaba da karatu akwai jarabawar NABTEB, wato ta fasaha da kasuwanci.

Darasi na 5: Zama da oga

Zo da wuri. Yi shara. Kar ka taɓa kayan aiki sai an ce ka taɓa. Tun ranar farko a yi magana kan tsawon koyon a gaban shaida, a rubuta.

Aikin gida

Cike layi biyar a shafinka, kowanne da ranarsa. A zo da littafin aji na gaba, gidan dama zan fara dubawa.