Yadda za ka farfaɗo da tsohuwar kwamfutarka kafin ka sayi sabuwa

Nawar kwamfuta takan zo ne a hankali. Kunnawa ta riƙa cin lokaci, burawza tana maƙalewa, fanka tana ta ƙugi ko ba ka buɗe komai ba. Daga nan sai mutum ya yanke cewa ta tsufa, ya fara tara kuɗin sabuwa. Shawarata ita ce ka dakata tukuna. Yawancin abin da ke jawo wannan nawa ana magance shi a yini guda, kuma akasarin gyaran ba ya bukatar ka fitar da kuɗi. Matakan da zan kawo na masu amfani da Windows 10 ne da Windows 11.

Kafin ka taɓa komai, kwashe muhimman takardu da hotuna ka ajiye a filashi ko a intanet. Google Drive na ba da gigabayit 15 kyauta, sai dai Gmail da Google Photos ma daga cikinsa suke ci. OneDrive na Microsoft kuwa 5 yake bayarwa.

Mataki na farko: gano inda ciwon yake

Nan ne mutane da yawa ke tsallakewa, kuma nan ne aikin yake. Danna Ctrl da Shift da Esc a tare, Task Manager, tagar da ke nuna abin da kwamfutar ke yi, zai buɗe. Shiga sashen Performance, ka bar shi a buɗe, ka ci gaba da aikinka yadda ka saba na ɗan lokaci, sannan ka dawo ka duba abu uku: CPU (ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aiki) da Memory (wato RAM, inda kwamfutar ke riƙe aikin da kake kai) da Disk (ma'ajiyar bayanai).

Idan Disk ne ke tsaye a kashi 100, kuma ka ga an rubuta HDD a ƙarƙashinsa, to ka gano mai laifi: ma'ajiyar bayanan ce ba ta iya bin sauran kayan. Idan Memory ne ke haura kashi 85 da zarar ka buɗe shafuka kaɗan, RAM ya yi kaɗan. Idan kuwa CPU ne ke sama alhali ba ka yin wani aiki mai nauyi, koma sashen Processes, ka danna kan kalmar CPU don ya jera maka manhajojin daga mafi ci zuwa ƙasa. Wadda ke saman jerin ita za ka tuhuma. Wanda ya yi wannan binciken ba zai je ya sayi RAM ba alhali ciwon yana wani wuri.

Kada ka rufe Task Manager sai ka leƙa sashen Startup. Duk abin da ke nan yana tashi ne tare da kwamfutar, ko ka neme shi ko ba ka nema ba. Spotify, Teams, Adobe da ire-irensu kan cusa kansu ciki. Danna kowanne da maɓallin dama na linzami ka zaɓi Disable. Wannan ba ya goge manhajar, yana hana ta tashi da kanta ne kawai. Abin da ya shafi tsaro, sauti ko allon taɓawa, ka bar shi yadda yake.

Mataki na biyu: share tarkace

Shiga Settings, sai System, sai Storage. Kunna Storage Sense, sannan ka buɗe Temporary files ka goge abin da ya taru. Ka lura da akwatin Downloads: idan ka sa masa alama, duk abin da ka taɓa saukewa zai tafi. Bayan nan je sashen Apps ka cire duk manhajar da ka daɗe ba ka buɗe ba.

Abu ɗaya nake roƙo: kada ka sauke manhajojin nan da ke alkawarin “ƙara wa kwamfuta gudu”. Abin da suke yi Windows na yi da kansa, wasunsu ma tsoratar da kai suke da jajayen lambobi don ka biya. Haka manhajar kashe bairos ta gwaji da ke zuwa da sabuwar kwamfuta, wadda wa'adinta ya ƙare tana ta damunka da saƙo. Cire ta. Microsoft Defender, wanda ke cikin Windows kyauta, zai kama aiki da kansa, kuma ya wadatar da mai amfani na yau da kullum.

Mataki na uku: maye gurbin manhajojin kuɗi

Wanda aikinsa rubutu ne da lissafi da shirya bayani ba dole ba ne ya biya kuɗin rajista duk shekara. LibreOffice, wanda gidauniyar The Document Foundation ke kula da shi tun 2010, yana buɗe fayilolin Word da Excel da PowerPoint, yana kuma ajiyewa a tsarinsu. Gaskiyar magana, takarda mai ado da yawa takan ɗan sauya fasali, don haka idan za ka tura wa wani aikin da ka kammala, mayar da shi PDF. VLC na kunna kusan kowane irin bidiyo, 7-Zip na buɗe matsattsun fayiloli, GIMP kuma na gyaran hoto. Idan akwai wata manhaja mai tsada da ba ka san madadinta ba, rubuta sunanta a shafin AlternativeTo.

Manhajar sata, wadda aka fasa makullinta, araha ce da ba ta ado. Ta cikinta ake yawan cusa abin da ke kwashe kalmomin sirri, kuma asarar asusu ɗaya ta fi kuɗin da ka guje wa biya. Ko manhajar kyauta ma, daga shafin masu ita za ka sauke, ba daga tallan da ke fitowa a saman sakamakon bincike ba. In kana shakkar wani fayil, ɗora shi a VirusTotal, ya gwada maka shi da manhajojin tsaro sama da 60 a lokaci guda. Amma kada ka ɗora takardun sirri a can, domin kamfanonin tsaro na iya ganin abin da aka tura.

Mataki na huɗu: tsimin data

Idan da wayarka kake haɗa kwamfutar da intanet, shiga Settings, sai Network & Internet, ka zaɓi layin da kake kai, ka kunna Metered connection. Windows zai rage sauke manyan sabuntawa a ɓoye. Sai dai ka riƙa ware lokaci kana sabuntawar da kanka, saboda ita ke toshe ƙofofin da masu kutse ke bi.

Mataki na biyar: in za ka kashe kuɗi, kashe a nan

Babu abin da ke sauya tsohuwar kwamfuta kamar SSD, sabon nau'in ma'ajiyar bayanai da ke maye gurbin HDD. HDD faifai ne da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, da ɗan hannu da ke bin sa yana neman bayani. SSD ba shi da abin da ke motsi. Mai mahaɗin SATA, irin mahaɗin da HDD ke amfani da shi, kan karanta kusan megabayit 500 a daƙiƙa, HDD na laftof kuwa yana kusa da 100, kuma wajen nemo ƙananan fayiloli ratar ta fi haka nesa ba kusa ba. Ko mai gigabayit 256 ya isa Windows da manhajojinka. Duba samfurin kwamfutarka ka ga ko mai inci 2.5 take karɓa ko M.2, wato ɗan siririn da ake sokawa a allon kwamfutar. Tsohon faifan kuma kada ka yar, saka shi a ɗan akwati mai USB ya zama ma'ajiyar waje.

RAM na biye. Daga gigabayit 4 zuwa 8 bambanci ne da za ka ji a jikinka. Sashen Memory na Task Manager yakan nuna gurbi nawa aka cike, amma a wasu laftof siraran RAM ɗin a manne yake, ba ya ƙaruwa.

Batir kuwa, buɗe Command Prompt, tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta powercfg /batteryreport. A rahoton da zai fitar, kwatanta Design capacity (cajin da aka ƙera batir ɗin ya ɗauka) da Full charge capacity (wanda yake iya ɗauka yanzu). Idan na biyun ya faɗi ƙasa da rabin na farko, batir za ka canza, ba laftof ba. A kuma bushe ƙurar da ta toshe kafofin iska, domin injin da ya yi zafi yana rage gudunsa da kansa.

Mataki na shida: batun Windows 10

Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 kuma yana neman TPM 2.0, wani sashen tsaro da ke cikin kwamfuta, kuma idan CPU ɗin na kamfanin Intel ne, galibi sai zubi na 8 zuwa sama. Manhajar PC Health Check za ta gaya maka ko taka ta cancanta. Idan ta cancanta, hawan kyauta ne ga mai Windows na asali.

Idan ba ta cancanta ba, gwada Linux Mint, wani tsarin tafiyar da kwamfuta da ke iya maye gurbin Windows. Kyauta ne, yana tafiya lafiya da RAM gigabayit 4, kuma yana zuwa da Firefox da LibreOffice. Sauke shi daga shafinsu, ka zuba a filashi da manhajar Rufus, ka tayar da kwamfutar daga filashin. Zai yi aiki ba tare da ya taɓa Windows ɗinka ba. A nan ka gwada Wi-Fi da sauti da firinta. Photoshop da Microsoft Office na kan kwamfuta ba su da samfurin Linux, don haka in da su kake neman abincinka, ka tabbatar madadinsu ya gamsar da kai kafin ka danna Install.