Darasi na Tara: Gamba, Inda Take Fitowa da Yadda Ake Kiyaye Ta

Gamba ciyawa ce mai daɗewa, wadda tushenta ba ya mutuwa da rani, kuma idan ta sami wuri mai kyau tsawonta yakan kai mita 3 ko 4. Asalinta daga dazuzzukan Afirka ne, tun daga Senegal zuwa Sudan, har can kudancin nahiyar. Ta fi son wurin da ake samun ruwan sama tsakanin milimita 400 zuwa 1,500 a shekara, ba ta kuma zaɓen ƙasa, domin tana fitowa a jigawa da tsakuwa da gonar da ta gaji. Ƙarfinta yana cikin saiwa: wasu suna bazuwa kusa da sama su kama yayyafin farko, wasu kuma suna nutsawa ƙasa su nemo danshi, shi ya sa take riga sauran ciyayi yin toho.

A duniya gamba ba ta cikin haɗarin ƙarewa. An kai ta Brazil da Kolombiya domin kiwon shanu, aka kuma kai ta arewacin Ostireliya, inda ta bazu ta zama annoba, saboda gobarar da take ci tana da zafin da ke kashe manyan itatuwa, har hukuma ta sa ta cikin miyagun ciyayi a shekarar 2012.

Amma a karkararmu labarin daban ne. Faɗaɗa gonaki ya cinye sauruka da burtali, dabbobi suna cinye tohon tun bai yi ƙarfi ba, fari na shekarun 1970 da 1980 kuma ya kashe tushe da yawa. Mutumin da a da yake yankar gamba a bayan gari, yau sai ya sayi dami a kasuwa kafin ya saƙa zana ko ya yi wa rumbu jinka, kuma ba da araha ba.

Manomi yana iya mayar da ita gonarsa ba tare da kashe kuɗi ba. Idan damina ta kankama, sai ya haƙo tsohon tushe, ya raba shi da hannu gida uku ko huɗu, kowanne da saiwarsa, ya datse ganyen, ya dasa a jere a kan iyakar gona, ya danne ƙasar da ƙafa. A shekarar farko kada a bari awaki su kai gare ta. Jeren zai tare iska da zaizayar ƙasa, ya kuma rage gardamar iyaka tsakanin maƙwabta.

Gambar da za a ba dabbobi a yanke ta tana ɗanya, domin da zarar ta fitar da kai ta yi tauri, amfaninta ga dabba ya ragu. Ta zana kuwa sai da kaka, bayan kara ya ƙosa. Mai lauje ya bar kamar taƙi ɗaya a sama da ƙasa, ya kuma ƙyale wasu tushe a tsaye har irinsu ya zube.