Yadda na sauko da sukarin safe

Wata biyu ina shan metformin, maganin ciwon sukari, yadda likita ya rubuta, amma kullum da safe in na soki yatsa sai na'urar awon sukari ta nuna 180 ko fiye. Ga ƙishirwa, ga tashi fitsari sau uku cikin dare.

Ashe abincin dare ne. Malmala biyu ta tuwon shinkafa nake tashi da ita bayan isha'i, in kora da shayi mai sukari cokali uku, in bi lafiyar gado. Sai na dawo da ci bayan magariba: malmala ɗaya ƙarama, miyar kuɓewa da yawa, da kwaɗon zogale ba sukari. Shayi ba sukari ne ya fi ba ni wahala, sati biyu ina sha ina yamutsa fuska. Zumar da ake cewa ba ta komai ma na gwada, ta ɗaga min.

Da gangan nake zuwa masallaci mai nisa sallar isha'i, tafiyar minti 20 zuwa da dawowa. Yanzu awon safe tsakanin 110 da 125 yake. Magani ban daina ba, kuma likita ya ce in koma gwajin HbA1c, wato awon jini mai nuna matsakaicin sukarin watannin baya, bayan wata uku.