Haɗa kayan hutu zuwa tsibirin Wight: shawara ga sababbin zuwa Ingila

Ɗalibi ko ma'aikacin da bai daɗe da zuwa Ingila ba, in ya samu hutun kwana uku ko huɗu yana son ganin teku, tsibirin Wight na cikin wurare mafi sauƙin zuwa. Yana kudancin ƙasar, daura da Portsmouth da Southampton, kuma yanki ne na Ingila kamar kowane, don haka ba ku buƙatar biza ko fasfo kafin ku tsallaka. Akwai bakin teku mai yashi a Sandown da Shanklin da Ryde, akwai hanyar ƙafa da ta zagaye tsibirin, wajen mil 70, ga kuma gonakin inabi. Inda mutanenmu ke shan wuya shi ne wajen haɗa kaya. Da an ce bakin teku sai a ɗauka zafi za a tarar, a cika akwati da kayan kwalliya, alhali iska da sanyin ruwa da doguwar tafiyar ƙasa ne ke jira.

Ku fara da yadda za ku tsallaka, domin shi ne zai yanke girman jakarku. Daga Portsmouth akwai jirgin ruwan fasinja na Wightlink da ke kai wa Ryde cikin kusan minti 22, daga Southsea kuma akwai na Hovertravel mai minti 10. Jiragen ruwan Red Funnel na tashi daga Southampton zuwa Cowes. Shiga da mota na da tsada sosai lokacin bazara, gara ku shiga da ƙafa, ku yi amfani da motocin bas na Southern Vectis da ɗan jirgin ƙasan da ke tsakanin Ryde da Shanklin. Ke nan duk abin da kuka ɗauko ku za ku yi ta hawa da sauka da shi. Kowane mutum jaka ɗaya ta goyo mai cin lita 35 zuwa 40, kada nauyinta ya wuce kilo 8 ko 9, sai ƙaramar jaka mai lita 20 ta yawon yini. Akwati mai taya yana wahalarwa a kan tsakuwa da matakala, musamman a Ventnor, garin da aka gina a jikin gangara.

Takalmi shi ne abin da ya fi komai muhimmanci. Tudun Tennyson Down, wanda ake bi daga Freshwater Bay zuwa duwatsun Needles, farin dutsen alli ne da ciyawa a kansa, kuma da yayyafi ya taɓa shi sai ya yi santsi. Ku nemi takalmin tafiya mai ƙaya-ƙaya a ƙasa, wanda ruwa ba ya ratsa shi. Kada ku saye shi ana gobe tafiya. Sabon takalmi bai saba da ƙafa ba, yana goge diddige har ya yi bororo tun kafin a ci mil uku, daga nan hutu ya lalace. Ku sa shi mako biyu kuna zuwa makaranta ko wurin aiki da shi. Safa ma ta ulu ko ta zaren roba ake so, ƙafa uku, domin ta auduga tana riƙe gumi, fata ta yi laushi ta saɓule. Ku jefa filasta ta bororo a aljihun jaka, a manna ta da zarar an ji wurin ya fara zafi, ba sai ya fashe ba. Silifas ɗaya ya isa na bakin ruwa da alwala.

Tufafi kuwa hawa-hawa ake sa su. Riga mai saurin bushewa a ciki, rigar sanyi marar nauyi a kanta, sai rigar ruwa mai hula a waje. A yini guda ana iya yin rana da safe, iska mai sanyi da azahar, yayyafi da la'asar, ko da a watan Yuli ne. Lema ba ta da amfani a saman tudu, iska za ta juye ta. Wandon jin in ya jiƙe yana yini bai bushe ba, kuma yana jawo sanyi jiki, don haka ku ɗauki wandon tafiya biyu. Babbar riga da shadda mai sitaci su zauna a gida, sai dai in akwai taron da za a je.

'Yan'uwa mata, hanyoyin nan suna ratsa gonaki, kuma a wurare da dama akwai matakalar katako da ake hawa a tsallake shinge. Doguwar abaya mai jan ƙasa tana maƙalewa a nan, tana kuma kwasar taɓo da ƙaya. Riga mai kaiwa gwiwa ko ƙasa kaɗan, da wando mai faɗi a ciki, ta fi sauƙi kuma sutura ta cika. Mayafi mai santsi ba ya zama a iskar Needles. Ƙaramin hijabi na sanyawa ya fi, ko ɗankwali a ciki da fil huɗu ko biyar. Wadda ke son shiga ruwa ta sayi kayan iyo masu rufe jiki, waɗanda aka ɗinka don ruwa. Kada a shiga teku da zane ko atamfa, domin suna shan ruwa su yi nauyi su naɗe ƙafafu, wannan kuwa haɗari ne na gaske.

Ruwan tekun nan sanyi gare shi. Ko a watan Agusta bai cika wuce digiri 17 ko 18 ba, kuma wanda ya faɗa ciki farat ɗaya numfashinsa na iya sarƙewa. A shiga a hankali, a tanadi tawul da busasshiyar rigar sanyi a bakin gaɓa, musamman saboda yara. Ba kowane bakin teku ke da masu ceto ba. Inda suke, ana iyo ne tsakanin tutoci masu ja da rawaya, jar tuta zalla kuma tana nufin kada kowa ya shiga. In wani abu ya faru a kira 999 a nemi masu gadin gaɓar teku.

Abin da ɗan Kano ko ɗan Maraɗi bai saba da shi ba shi ne cika da janyewar teku. Sau biyu a yini ruwa ke cika ya janye, kusan awa shida tsakani. A Ryde yakan janye nesa ƙwarai, ya bar fili na yashi, sannan ya dawo da sauri ta gefe ya tare wa mutum hanya. A Compton Bay, inda ake zuwa ganin sawun dabbobin zamanin da da suka zama dutse, sai ruwa ya janye ake ganinsu. Ku duba jadawalin cikar ruwa na ranar kafin ku fita, ku juyo tun ruwa bai fara dawowa ba. Kada ku zauna a gindin gaɓar dutse, kada kuma ku matsa bakinta daga sama don ɗaukar hoto, ƙasar wurin tana zaftarewa. A Disambar 2023 an yi babbar zaftarewa kusa da Bonchurch, saboda haka in kun ga an rufe wani sashe na hanya, ku bi inda aka karkatar.

A ƙaramar jaka ku sa ruwan sha lita ɗaya da rabi ga kowane babba, da batirin cajin waya, da taswirar Ordnance Survey mai lamba OL29, domin sabis yakan ɗauke a ƙarƙashin tuddai. Man kare rana mai lamba 30 ko sama yana cikin kaya, baƙar fata ma tana ƙonewa, iska ce ke hana a ji. A cikin doguwar ciyawa akwai kaska, wadda ke iya sa cutar Lyme, wata cuta mai kawo zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Ku cusa ƙafar wando cikin safa, ku duba jiki da dare, ku sayi ɗan abin cire ta a kantin magani. A kama ta dab da fata a ja a hankali, ba a ƙona ta ko matse ta.

Batun gonakin inabi, gara ku sani tun daga gida. Irin ta Adgestone, kusa da Sandown, wadda ke cikin tsofaffin gonakin inabi na Ingila, don yin giya ake nomansu, kuma tikitin zagaya irin waɗannan gonaki yawanci yana haɗe da ɗanɗana giyar. Wanda ba ya sha ya karanta abin da tikitin ya ƙunsa kafin ya biya. In abokan karatu ne suka shirya zuwa, faɗa musu tun farko ba abin kunya ba ne, an saba da haka. Mai son ganin noma ba tare da wannan ba, akwai gonar tafarnuwa a Newchurch da ake kai ziyara.

Abinci na buƙatar shiri, domin naman halal ba ya samuwa a ko'ina kamar a Landan ko Birmingham. Ku taho da dabino, gyaɗa, biredi, kifin gwangwani da ɗan yaji. Kilishin da ake cewa a aiko daga gida doka ta hana shigo da shi Birtaniya, kada ku sa wani cikin matsala. Karin kumallon da masaukai ke bayarwa yawanci akwai naman alade a ciki, ku nemi na marasa cin nama. Soyayyen kifi da dankali ma a tambaya, wasu da giya suke kwaɓa fulawar, wasu da kitsen dabba suke suya. Ranar Lahadi manyan kantuna awa shida kawai suke buɗewa, yawanci su rufe ƙarfe huɗu, don haka a yi sayayya tun Asabar.

Don salla, siririyar darduma mai naɗewa da robar ruwa da za ta tsaya a madadin buta sun isa. Alƙibla tana kudu maso gabas. A watan Yuni magariba na wuce ƙarfe tara na dare, asuba kuma tana yi da wuri sosai, ku sauke jadawalin lokutan a waya. In tafiyarku ta faɗo kan bikin kiɗa na watan Yuni ko gasar jiragen ruwa ta Cowes a wajajen farkon Agusta, masauki da tikitin jirgi suna tsada suna kuma ƙarewa da wuri, sai a kama su tun da makonni.